Me ƙasa mai mutum dubu 180 ta fi mu da shi a fagen Olamfik?

Wani malamin motsa jiki a wata sakandare da ke Kumo ya aiko mini da tambaya, ya ce ɗalibansa ne suka tsare shi da ita har ya rasa ta cewa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Baba Koci, a bikin buɗe Olamfik mukan ga ƙasa ta fito da mutum uku ko huɗu suna bin tuta, wata ma mutum ɗaya tak. In an zo tsere su ne a ƙarshe. Wa ya ba su gurbi, kuma wannan ba asarar kuɗi ba ce? Sannan ta yaya wasu daga cikin irin waɗannan ƙasashe suka ci zinare a Paris, mu da muka tafi da mutum 88 muka dawo hannu rabbana?"

Malam, Allah ya yi wa ɗaliban nan naka albarka, sun tambayi abin da manya da yawa ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina horar da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle a nan Bauchi, daga gemsmasta na faro, don haka maganar ta taɓa ni. Amsar za ta yi tsawo, ka yi haƙuri da ni.

Tambayar ta zuba mutane iri biyu a kwando ɗaya. Akwai ɗan wasan ƙaramar ƙasa da aka gayyata don kada a yi taron duniya ba tutar ƙasarsa. Akwai kuma ɗan ƙaramar ƙasa da ya shiga da ƙarfinsa, ya kayar da kowa a hanya. Na farkon ne ɗalibanka suke gani a ƙarshen layi, na biyun ne suke gani da zinare a wuya. Ƙofarsu daban ce, amma in ka bi sawu za ka tarar sau da yawa na farkon ne ya share wa na biyun hanya.

Bari mu fara da ƙofar. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da kwamitocin ƙasashe 206. A Paris a 2024 an yi wasa iri 32, an raba zinare 329, 'yan wasa kuwa sun kai kimanin 10,500. Babbar ƙofa ita ce ta cancanta: ko ka kai lokacin da aka gindaya, ko makin da ka tara a gasanni ya ɗaga ka a jerin gwanayen duniya, ko ka ci gasar share fage ta nahiyarka kamar yadda ake yi a kokawa da damben zamani. A tseren mita 100, abin da aka gindaya wa maza shi ne daƙiƙa 10.00 cif, mata kuma 11.07. Don yaran su gane nisan abin, ka ce musu yaron da ya yi daƙiƙa 11 a intahaus, makaranta ta ɗauka da labarinsa, in aka jera shi da mai daƙiƙa 10, lokacin da wancan zai taka layin ƙarshe shi yana da sauran kusan mita tara.

Sai dai an yi wa manyan ƙasashe takunkumi. A guje-guje ƙasa ba ta saka fiye da mutum uku a tsere ɗaya, a iyo biyu, a dambe da kokawa ɗaya a kowane ajin nauyi. Shi ya sa a Amurka da Jamaika za ka ga wanda ya zo na huɗu a gwajin gida yana zaune yana kallo a talabijin, alhali da ɗan wata ƙasa ne da shi za a ba tuta. Wannan ƙa'ida kaɗai ta rage wa sarkin yawa ƙarfi sosai.

Ƙofa ta biyu ita ce gurbin wakilcin kowa. Ƙasar da ba ta da ko mutum ɗaya da ya cancanta a guje-guje, ana ba ta damar kawo gwaninta guda, a Paris a mita 100 ko mita 800 ko gudun famfalaƙi. A iyo ana ba da namiji ɗaya da mace ɗaya. Akwai kuma gurabe na gayyata a wasanni irin su judo, taekwondo, ɗaga ƙarfe da harbi, waɗanda aka keɓe wa ƙasashen da a Olamfik biyu da suka gabata ba su wuce 'yan wasa takwas ba a matsakaici. A mita 100 ma akan fara yi musu zagaye nasu na share fage, wanda ya tsallake shi ne zai haɗu da manyan. Ta irin wannan hanya ƙasashe huɗu suka je Paris da ɗan wasa ɗaya-ɗaya: Nauru, Somaliya, Beliz da Liktenstain.

Batun asara kuwa, kuɗin bai kai yadda ake zato ba. Kwana da abinci a ƙauyen 'yan wasa kyauta ne, ana kuma tallafa wa tawagogi da kuɗin tafiya. Bayan haka akwai asusun tallafi na Kwamitin Olamfik, wanda ake ciyar da shi daga kuɗin da gidajen talabijin ke biya don nuna wasannin. Daga 2021 zuwa 2024 an ware masa dala miliyan 590, ana biya wa 'yan wasa kuɗin horo, ana koyar da masu horarwa, ana kai yara gasanni. Ƙasar da ta tura mutum uku, rabonta ta karɓa daga abin da yake hakkinta.

To me na ƙarshen layi ya je yi? Bari in ba ka labarin da na fi so in ba yarana. A Olamfik ɗin Sidni a 2000, Ikwatoriyal Gini ta kawo wani saurayi, Eric Moussambani, a iyon mita 100. Watanni kaɗan kafin nan ya fara koyon iyo na gasa, a ɗan ƙaramin tafkin otal, bai taɓa ganin tafki mai tsawon mita 50 ba sai da ya sauka Ostireliya. Su uku ne a rukuninsu, ɗaya daga maƙwabciyarmu Nijar, ɗaya daga Tajikistan. Waɗannan biyun suka yi azarɓaɓin faɗawa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su. Ya rage shi kaɗai, ga dubban mutane sun zuba masa ido. Zuwa ya yi shi da ƙarfi. A dawowa numfashi ya ƙare, hannuwa suka yi nauyi, ƙafafu suka daina bugun ruwa, har ana tunanin sai an shiga an ciro shi. Jama'a suka miƙe tsaye suna ihu suna tafi har ya dafa bango. Minti 1 da daƙiƙa 52.72 ya yi, wanda ya ci zinaren kuwa daƙiƙa 48 da 'yan kai. Jaridu sun yi ta raha da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne bai bar ruwa ba: ya ci gaba har ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya, daga baya kuma ya zama kocin iyo na ƙasarsa.

Na san wannan ba daga talabijin kawai ba. Akwai wani yaro da na taɓa samu daga wani ƙauye ta wajen Ningi, dogo, mai taku kamar barewa, a ƙasa yake gudu ba takalmi, a filin da muke ja wa layi da toka. Ranar da na fara kai shi filin roba, da muka shiga sai ya durƙusa ya danna filin da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, a kan wannan za a yi?" Takalmin ƙusa da safen nan ya fara saka shi, aro ne ma, ya ɗan yi masa yawa muka cusa takarda a gaba. Ƙarfen tokarar ƙafa da muke kira bulok bai taɓa hawa ba. Da bindiga ta tashi, maimakon ya fita a sunkuye sai ya miƙe tsaye cak, sannan ya fara gudu. Kafin ya ɗauki wuta an ba shi mita biyar. Shi ne na ƙarshe. A mota bai ce uffan ba har muka iso. Bayan sati biyu na je makarantarsu na tarar ya sa kafinta ya yanka masa katako biyu a karkace, ya kafa su da dogayen ƙusoshi a ƙasa, ya jera ƙannensa na aji ɗaya da aji biyu yana koya musu tashi. Shi bai taɓa cin lambar ƙasa ba. Amma daga makarantar nan ban sake karɓar yaron da bindiga za ta tashi ya miƙe tsaye ba. Wanda bai je ba, ba zai san abin da ya rasa ba, balle ya koya wa na baya.

Ka duba Nijar. Issaka Daboré ya ci mata tagulla a dambe a Munik a 1972. Daga nan shekara 44 duk zuwan da ta yi tana dawowa ba komai. A Landan a 2012 ma ta kawo Hamadou Djibo Issaka a tseren kwale-kwale bayan horon kusan wata uku, ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa. Da ta ce asara ce ta daina zuwa, da ba a kai ga 2016 ba, shekarar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a taekwondo a Riyo, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Amma kada ka gaya wa yara cewa duk wanda ya zo na ƙarshe abin yabo ne. Gurbin wakilci amana ce, gwanin ƙasa ake bai wa. A gasar jami'o'i ta duniya da aka yi a Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, Somaliya ta saka wata yarinya a mita 100 wadda kowa ya gan ta ya san ba 'yar tsere ba ce, ta gama a daƙiƙa 21 da ɗoriya, aka dakatar da shugabar hukumar guje-guje ta ƙasar bisa zargin son kai. Wannan cin amana ne, kuma wadda aka fi zalunta ita ce yarinyar da ke can Mogadishu tana tashi da asuba tana atisaye, aka hana ta gurbinta. Mu ma a nan mun san irinsa, inda ake cusa ɗan wane a tawaga saboda alawus.

Yanzu ga masu zinaren. Ranar 3 ga Agusta 2024, ana ruwan sama a Paris, Julien Alfred ta Sent Lusiya ta ci mita 100 na mata a daƙiƙa 10.72, ta bar Sha'Carri Richardson ta Amurka a baya. Bayan kwana uku ta ƙara da azurfa a mita 200. Ƙasarta tsibiri ce mai mutum kimanin dubu 180, 'yan wasa huɗu ta kai, kuma ba ta taɓa cin ko tagulla ba kafin ranar. A daren nan dai Thea LaFond ta Dominika ta ci zinare a tsallen taku uku da mita 15.02. Dominika mutanenta wajen dubu 70 ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Dass kusan mutum dubu 90, ka ga ke nan Dass ta fi ƙasar yawan jama'a, Katagum kuwa ta fi Sent Lusiya nesa ba kusa ba.

Wannan zinare bai faɗo daga sama ba, kuma a nan nake so ka tsaya da ɗalibanka. Julien tun tana firamare aka gane tana tsere wa maza, ba takalmi take gudu a lokacin. Mahaifinta ya rasu tana shekara 12, ta bar gudu, kocinta na yarinta ya bi ta ya dawo da ita fili. Tana shekara 14 ta tafi sakandare a Jamaika, ƙasar da gasar makarantunta ta guje-guje ta faro tun 1910 kuma har yau filin wasa na ƙasa cika yake yi saboda ita. A 2017 ta ci zinare a gasar matasa ta ƙasashe renon Ingila, a 2018 azurfa a Olamfik na matasa, daga nan ta samu gurbin karatu a Jami'ar Teksas, a 2022 ta ci azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila a Bamingham, a watan Maris na 2024 ta zama zakarar duniya a mita 60 na cikin ɗaki. Ka ƙirga matakalar. Shekara goma da wani abu ana miƙa yarinya ɗaya daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya sake ta ta faɗi.

Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye ba: yawancin waɗannan gwanaye a waje aka ƙarasa gina su. LaFond tun tana ƙarama iyayenta suka koma Amurka, ƙasar da ta ci wa zinare ba ta da filin roba na guje-guje a lokacin. Alfaga a Jamus ya yi horo. Kirani James na Giranada, wanda ya ci zinare a mita 400 a 2012, azurfa a 2016, tagulla a Olamfik ɗin Tokiyo a 2021, ta jami'ar Amurka ya bi. Ƙaramar ƙasa ta san ba ta da kayan aiki, ba ta jin kunyar tura ɗanta inda suke. Abin da take yi shi ne ta riƙe igiyar: ta san inda yake, ta biya abin da ya sawwaƙa, ta cika masa takardu a kan kari, ta sa ya ji ana jiran sa a gida. Ƙasar da 'yan wasanta huɗu ne, shugaban kwamitinta ya san sunan kowa, ya san lambar takalminsa, ya san ranar da fasfo ɗinsa zai ƙare.

Abu na biyu, ba sa rarraba ƙarfinsu. San Marino, da Italiya ta kewaye ta ko ta ina, mutanenta kimanin dubu 34, ta kai mutum biyar Tokiyo ta dawo da lamba uku, biyu a harbi ɗaya a kokawa. Fiji ta rungumi wasan zari-ruga na mutum bakwai, ta ci zinare a 2016 ta maimaita a Tokiyo. Nauru, mai mutum wajen dubu 12, ɗaga ƙarfe ta kama. Marcus Stephen ya ci mata zinare bakwai a gasar ƙasashe renon Ingila tsakanin 1990 da 1998. A 1992 sai da ya ari tutar Samowa ya je Olamfik saboda ƙasarsa ba ta da kwamiti, nasararsa ce ta sa aka kafa, daga baya kuma ya zama shugaban ƙasar a 2007. A nahiyarmu Botsuwana, da ba ta kai jihar Bauchi yawan jama'a ba, ta daɗe tana noman mita 200 zuwa 800, ta girbe a Paris zinaren Letsile Tebogo a mita 200 da daƙiƙa 19.46 da azurfa a tseren miƙa sanda.

Kuma kada a ɗauka Olamfik ce kaɗai gasa. Ƙananan ƙasashen Turai suna da tasu tun 1985, ta waɗanda ba su kai mutum miliyan ɗaya ba. A Bamingham a 2022 tawaga 72 ce ta zo, har da tsibirin Niwe da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, ya ci tagulla a dambe, firimiyansa da kansa yana cikin 'yan wasa. Gina Bass ta Gambiya ta ci mita 100 da mita 200 a gasar Afirka a Akara a 2024. Yamai ta karɓi gasar ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, da kokawar gargajiya a ciki. A irin waɗannan ne yaro ke koyon kwana a baƙon wuri, cin abincin da bai saba ba, jiran kira a ɗakin tantancewa, da jin ƙarar jama'a ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba.

Duk da haka kada mu zuzuta. Fiye da rabin ƙasashen da suka je Paris ba su samu ko tagulla ba, kuma mafi yawan ƙanana suna cikinsu. Ƙanƙanta ba ta ba da lamba. Abin da nake cewa shi ne yawa ma ba ya bayarwa. Bangaladash tana da mutum sama da miliyan 160, ba ta taɓa cin lambar Olamfik ba. Kwango ta Kinshasa haka. Yawan da ke aiki a wasa shi ne yawan yaran da aka taɓa jerawa a layi aka ɗauki lokacinsu, aka rubuta, aka sake dubawa baɗi. A tsibiri mai makarantun sakandare ashirin da wani abu, da wuya yarinya mai gudu ta gama makaranta ba a gan ta ba. A tsakanin Kumo da Dukku, ko Toro da Zaki, yara nawa ne suka tashi suka girma suka tsufa ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo? Ta wannan lissafin, mu ne ƙaramar ƙasar.

Sai batun mutum 88. Da farko a rage wa lambar kwarjini: 18 'yan ƙwallon ƙafa mata ne, 12 'yan ƙwallon kwando, wato mutum 30 suna neman lamba biyu kacal. 'Yan kwandon ma sun yi abin a yaba, su ne tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Kuma ba baiwa muka rasa ba. Ƙasar da Chioma Ajunwa ta ci wa zinare da dogon tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, shekarar da su Garba Lawal da Tijjani Babangida suka ɗauko zinaren ƙwallo, ƙasar da Tobi Amusan ta kafa wa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, ba za a ce ba ta da 'yan wasa ba.

Inda muke faɗuwa ya fi ciwo, don a kan tebur ne. A Tokiyo an hana 'yan guje-gujenmu goma shiga fili, ba don an kama su da ƙwaya ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce a yi kafin gasa ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma wa Amurka inda aka haife ta, ta ci musu azurfa a Paris muna kallo. A Paris ɗin Favour Ofili ta cancanci mita 100, ba a shigar da sunanta ba. 'Yar tseren kekenmu sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Gwamnati ta sanar da naira biliyan 12 don Olamfik da gasar nakasassu, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ya zo ana saura makonni zai sayi tikiti da riguna da alawus, ba zai sayi shekaru takwas na horon da ba a yi ba.

Ni kaina an taɓa yi mini irin wannan a ƙaramin mataki. Wata yarinya da na yi shekara uku ina horarwa a mita 800, na sha wahala kafin mahaifinta ya yarda, sai da na je da matata muka zauna da mahaifiyarta, muka yi alkawarin dogon wando da ɗankwali da malama mace a tawaga. Muka isa wurin gasa aka duba takarda ba sunanta. Wani ofishi ya aika jerin sunayen bara. Ta zauna a kan jakarta a bakin rumfar tantancewa tana kallon sa'o'inta suna ɗaura lamba a ƙirji. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da muka dawo mahaifin ya ce ya isa haka, kuma ban ga laifinsa ba. Har yau in na ji an ce an manta da sunan ɗan wasa, fuskar yarinyar nan nake gani.

Malam, da na ce mu ne ƙaramar ƙasar, da gaske nake. A gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka faro a Legas a 1973, matsayin Bauchi da Gombe a gaban Delta da Edo shi ne matsayin Giranada a gaban Amurka. Bauchi ta karɓi baƙuncin gasar sau biyu, a 1991 da 2000, unguwar Games Village tana nan da sunanta shaida, filin Abubakar Tafawa Balewa ya ga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matasa a 1999 da 2009. Gine-gine mun gani. Abin da bai zauna ba shi ne gasar makarantu da ake yi kowace shekara ba fashi, daga shiyya zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha. Kuma in za a bi shawarata, jihohin nan biyu su daina zuwa da wasa ashirin suna dawowa da tagulla biyu. A zaɓi uku ko huɗu da ƙasarmu ta riga ta ba mu: dogon gudu ga yaran tuddan Dass, Tafawa Ɓalewa, Kaltungo da Tula, kokawa, dambe, da taekwondo ko judo da ba sa cin fili mai yawa. Sai dai a sani ɗan damben gargajiya ba ya zama ɗan damben zamani a wata ɗaya. Wanda ya saba da hannu ɗaya a naɗe ɗaya yana karewa, sai an sake koya masa tsayuwa da bugu da hannu biyu, shi ya sa tun yana shekara 12 ko 13 ake ɗauko shi.

Abin da ke hannunka kai, ba ya bukatar ofishi. Ka samu tef ko igiya ka auna mita 100 na gaskiya, don yawancin filayen makarantunmu da taku aka auna su, na sha tarar da mita 90 ana kiran ta 100. Ka sayi littafi mai kauri, kowane yaro da shafinsa: suna, ranar haihuwa ta gaskiya, tsawo, lokacin da ya yi, da ranar da ya yi shi. Wanda ba shi da takardar haihuwa ka matsa wa iyayensa su karɓo tun yanzu, kuma kada ka yarda a rage wa yaro shekaru ko da wa ya roƙe ka, don ɗan shekara 19 da ke cin 'yan 15 ba ya ƙara gudu, ranar da ya haɗu da sa'o'insa zai tsaya. In kana ɗaukar lokaci da agogon hannu ko waya, ka danna da ganin hayaƙin bindiga ko saukar hannun mai ba da alama, kada ka jira ƙara, sannan ka ƙara daƙiƙa 0.24 a kan abin da ka samu a mita 100 da 200, shi ne kusan abin da na'ura za ta ba shi. Ka gwada kowa da kowa, har da 'yan matan da ke zaune a gindin bishiya lokacin wasanni, sau biyu a zango.

In ka yi zango biyu kana haka, za ka ga sunaye uku ko huɗu da lokacinsu ke sauka a kai a kai. Waɗannan ka je gidajensu da kanka ka gaisa da iyaye kafin ka nemi komai. Daga nan ka nemi ranar da za ka kai su filin wasa na Pantami a Gombe su taka babban fili, su ji yadda bulok yake tun ba ranar gasa ba. Ka ɗauki hoton shafukansu ka aiko mini, in duba in gaya maka wanda ya kamata ya tsaya a gajeren tsere da wanda za a mayar mita 800.